Rubutun Barno A Kan Rairayin Birnin Gazargamu

Duk wanda ya taɓa zaman tsangaya a ƙasar Hausa ya san abin da ake nufi in an ce wane ya tafi Gabas. Ba Makka ake nufi ba, ba kuwa Misira ba. Barno ake nufi, inda tun zamanin kakanni almajiri kan rataya allonsa da buzunsa ya nufa, ba ya komowa gida sai ya haddace Alƙur'ani, ya kuma rubuta shi da ka. Ni dai Allah bai nufe ni da wannan tafiya ina yaro ba, don kuwa ina izu biyar aka cire ni aka kai ni boko. Sai da na girma aiki ya riƙa kai ni Maiduguri, a nan na saba da wani dattijo mahaddaci, marubuci, wanda muke kira Baba Goni. Goni a bakin Barebari shi ne wanda mu muke ce wa Gwani. Labarin tafiya biyu zan ba masu karatu, ɗaya tare da shi, ɗaya zuwa wurinsa, tsakaninsu shekara 17.

Bari in fara da ta baya. Cikin watan Janairu na 2025 na sauka Yerwa, wata huɗu bayan ambaliya. Masu karatu za su tuna cewa a daren Talata, wayewar garin 10 ga watan Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa, ruwa ya shiga gari mutane suna barci. Ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Litinin, ya shiga asibitin koyarwa da gidan namun daji, har fadar Shehu bai ƙyale ba. An taɓa yin irinsa cikin 1994, amma waɗanda suka ga duka biyun sun ce wannan ya fi. Sa'ad da na je ƙasa ta bushe, kasuwa tana ci, masu keke mai ƙafa uku suna ta kai da kawowa a Dandal kamar ba a yi kome ba. Sai in ka dubi bangon gidaje za ka ga wani layi mai launin laka ya ratsa su a miƙe, a wani wuri daidai ƙugu, a wani wuri ya wuce kan mutum.

Na tarad da Baba Goni a zaurensa, ya jingina da bango, ƙarƙashin wannan layi. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, da murya ya gane ni. Bayan mun gaisa, na yi masa jaje, sai ya sa jikansa, wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya jawo wata akwatin ƙarfe daga cikin gida. Ya ce daren da ruwa ya zo, Alƙur'anan da ke cikin gafaka rataye a bango su aka fara ɗauka a ka aka fita da su. Wannan akwati kuwa ta yi nauyi, aka bar ta, ta kwana tara cikin ruwa. Abin da ke ciki rubutun mahaifinsa ne, da na malamin mahaifinsa.

Yaro ya buɗe. Waɗansu takardun sun manne sun zama curi guda kamar ƙosai, ba mai iya raba su. Waɗansu an samu an ɓamɓare su ɗaya ɗaya an shanya a inuwa. Na ɗauki guda na duba, sai na ga abin mamaki. Baƙar tawada, irin wadda ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera, ta tsaya daram, ko gezau ba ta yi ba. Amma jar tawada ta wasulla, da rawaya ta hamza, da koriya ta alifin sadarwa, duk ruwa ya kwashe su, sai wani jirwaye da suka bari a gefen takarda. Watau babbaƙu sun tsaya, farfaru sun tafi.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai wannan da sauƙi. Tun da yana kanka, sai a mayar da wasullan."

Ya yi murmushi, ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna mini, yana ta karkarwa. Ya ce, "Ɗana, kai yana nan. Hannu ne ya tafi. Masu hadda suna da yawa a garin nan, alhamdu lillahi, sun fi na zamaninmu ma. Amma nemo mini yaro guda wanda zai sa alƙalaminsa kusa da na mahaifina ba a gane inda wannan ya tsaya wancan ya ɗauka ba." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ka tuna ranar Birni?"

Yaya zan manta? Cikin hunturun 2008 ne, shekara guda da rabi kafin fitinar da ta tashi a Maiduguri cikin Yuli 2009 ta hana mutane irin wannan yawo. Na daɗe ina damunsa da tambaya a kan asalin rubutun Barno, ran nan ya ce in ina so in gani da idona, in samo mota mu tafi tsohon Birni. Barebari in sun ce Birni kawai, ba su ƙara kome ba, Gazargamu suke nufi.

Muka fita Yerwa da asuba ta hanyar yamma, muka wuce Auno da Jakana da Benisheikh da Ngamdu, muka karya kumallo a Damaturu, kimanin mil 80 daga inda muka taso. Daga nan muka yi arewa ta Dapchi da Bayamari, ƙasa tana ƙara fari, itatuwa suna ƙara nisa da juna, har muka isa Geidam muka kwana. Kashegari muka bar kwalta, muka ɗauki wani mutumin garin ya nuna mana hanya, muka nufi gabas cikin rairayi wajen mil 20, tsakanin goriba da aduwa da tumfafiya. Sau biyu mota tana kafewa muna fita muna turawa. Can sai ɗan jagoranmu ya nuna wani dogon tudu da ya miƙe hagu da dama iyakar ganin ido, ya ce ga ganuwa nan.

To, kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya san wane gari ne wannan. Sarakunan Sefawa, waɗanda ake kira Mai, asalin mulkinsu a Kanem yake, gabas da tafkin Chadi, kuma tun ƙarshen ƙarni na 11 suka karɓi Musulunci. Yaƙi da Bulala ya tashe su daga can a ƙarshen ƙarni na 14, suka yi kusan shekara ɗari ba su da mazauni tsayayye, sai wajen 1470 Mai Ali Gaji ya kafa wannan birni kusa da inda kogin Yobe da ƙaramin kogin da ake kira Komadugu Gana suke haɗuwa. A nan Mai Idris Aloma ya zauna, wanda limaminsa Ahmad ɗan Furtu ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa cikin 1576 da 1578. Wani malami da ya siffanta garin a ƙarni na 17 ya ce masallatan Jumma'a huɗu ne a cikinsa, manyan tituna kuwa 660. Birnin ya yi shekara kusan 340 yana ci, sai cikin 1808 rundunar masu jihadi ƙarƙashin Goni Mukhtar ta shige shi. Shehu Muhammadu al-Amin el-Kanemi ya taimaki Mai aka ƙwato shi, amma ba da daɗewa ba Malam Zaki ya sake cin sa, daga nan ba a ƙara zama a ciki ba. Baturen nan Denham da ya zo cikin 1823 kufai ya tarar.

Mu ma kufai muka tarar, sai dai namu ya fi nasa lalacewa da shekara 185. Ganuwar ta ƙasa ce, kewayenta ya kai mil huɗu, har yanzu ana gane gurbin ƙofofinta. Cikinta fili ne fetal, ciyawa busasshiya da ƙarangiya, da tumakin makiyaya suna kiwo. Wajen tsakiya, inda fada take, akwai tuddai, in ka sa ƙafa ka tone sai ka ga gasasshen tubali ja, ɗan siriri mai faɗi, wanda ya fi shekara ɗari huɗu amma in ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar tangaran. Ko'ina ka taka fasassun tukwane ne. Na yi ta yawo ina juya tubala ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda aka zana ko da harafi guda, sunan sarki ko shekara. Ban samu ba.

Na komo wurin Baba Goni, wanda tun da muka iso ya sami inuwar wata aduwa ya zauna yana jan tasbaha. Na ce masa gaskiya raina bai yi daɗi ba. Ga birnin da ake cewa cibiyar rubutu ce, amma bai bar ko layi ɗaya a jikin bangonsa ba, alhali kuwa waɗansu al'ummai sun sassaƙa nasu a dutse, ana karantawa har gobe. Bai amsa mini ba. Sai ya tashi ya koma inda rairayi ya yi laushi a gindin wani tudun tubali, ya durƙusa, ya sa tafin hannu ya share wuri kamar faɗin tabarma, ya lallashe shi sumul. Ya karyo wani kara, ya fere bakinsa da 'yar wuƙarsa a karkace, kamar yadda ake fere alƙalamin gamba. Sa'an nan ya fara rubutu.

Na sha ganin rubutun Barno a takarda, amma ban taɓa fahimtarsa ba sai ran nan, da na gan shi kowane harafi ya kai tsawon kamu ɗaya. Rubutu ne mai kauri, mai nauyi, wanda ke zaune daram a kan layi kamar an gina shi. Alu a tsaye yake kyam, da 'yar ƙafa a ƙasa. Kaulasan ya miƙe dogo da kusurwa, ba lanƙwasa irin ta bugun Misira. Ɗa mai hannu ya ɗaga hannunsa a karkace. Nun ara ya buɗe ciki ya sauka ƙasa da layi kamar ƙwarya, ba ɗigo a kansa in ya zo a ƙarshen kalma. Fa ɗigonta guda a ƙasa, ƙaf ɗigonsa guda a bisa, yadda mutanen Magrib suke yi, ba yadda mutanen Misira da Sham suke sa ɗaya da biyu a bisa ba. Kaurin layi da sirantarsa duk daga juyin bakin karan yake fitowa, ba ya komawa kan harafi sau biyu. Yana yi yana gaya mini inda ake fara kowane harafi da inda ake ɗauke hannu, ya ce wannan shi ne abin da takarda ba ta faɗa. Takarda tana nuna maka inda alƙalami ya bi, ba ta nuna maka ta ina ya shiga, ko a ina marubuci ya ja numfashi.

Muna cikin haka sai ga yara makiyaya su uku sun bar tumakinsu sun zo sun tsaya a kanmu. Baba Goni ya nuna harafi da karan, ya tambaye su da Barbarci, suka amsa baki ɗaya, kowane harafi da sunan da suke kiransa a tsangayarsu. Ni kuma ina faɗin namu na Hausa, lam jaye, min ara, ha kuri, suna dariya. Ya miƙa wa babbansu karan. Yaro ya durƙusa ya kwaikwayi layin farko, ya yi kusa ƙwarai, sai dai kaf ɗinsa ya faɗi. Dattijo ya share da hannu ya ce ya sake. Sau huɗu yana sharewa, a na biyar ya ƙyale shi.

Na roƙe shi ya rubuta mini aya guda in ɗauki hoto. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce ba a rubuta maganar Allah inda tumaki za su taka. Babbaƙu zalla ya rubuta, sai sunan garin, sai sunan Kanem. Ko sunan Mai Idris bai yarda ya sa ba, don sunan Annabi ne.

Wannan rubutu da na gani a rairayi ya girmi birnin da aka rubuta shi a ciki. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makaranta tasu a Alƙahira, inda ɗalibansu da alhazansu ke sauka. Cikin shekara ta 794 ta Hijira, watau wajen 1391, Mai Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Misira Barƙuƙ takarda yana ƙarar waɗansu Larabawa da ke kama talakawansa Musulmi suna sayarwa. Magatakardan Misira, Alƙalƙashandi, ya kwafe ta a littafinsa, har ya lura cewa da irin rubutun Magrib aka yi ta. A ƙarshen shekarun 1950 wani Bature mai suna Bivar, wanda ke aiki da hukumar kayan tarihi ta Nijeriya, ya ɗauki hoton waɗansu tsofaffin Alƙur'anai huɗu na ƙasar Barno, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekara ta 1080 ta Hijira, daidai da 1669, lokacin Birni yana kan ganiyarsa. Shi Bivar yana ganin rubutun Barno jikan wani tsohon rubutu ne na ƙasar Tunis, mai kusa da Kufi, wanda a can gida aka bar shi tuntuni, ya tsallako Sahara ya sami wurin zama a bakin Chadi.

Akwai wani abu kuma a cikin waɗannan Alƙur'anai. Marubutansu sun bar fili mai faɗi tsakanin layi da layi, aka cika shi da ƙananan rubutu, wani da Larabci, wani da wani tsohon harshe da masana ke kira tsohon Kanembu, wanda ba mai magana da shi a kasuwa ko a gida. Yana cikin mafi daɗewar rubutun ajami da aka sani a wannan yanki na Afirka. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Dmitry Bondarev, ya yi shekaru yana bincikensa daga London da Hamburg, tare da malaman Jami'ar Maiduguri irin su Abba Isa Tijani, suka nuna cewa harshen bai mutu ba. Shi ne Tarjumo, wanda malaman Barno ke fassara Alƙur'ani da shi kalma bayan kalma a gaban almajiransu. Baba Goni ya iya shi, na sha jin yana yi da azumi, ko Babarbaren da ke kusa da ni ba ya gane rabinsa.

To, tambayar da ta tsaya mini a rai a gindin tudun nan ita ce, yaya aka yi tubali ya rushe, rubutu bai rushe ba? Don kuwa ba Gazargamu kaɗai aka ci ba. El-Kanemi ya gina Kukawa cikin 1814, mutanen Wadai suka rushe ta cikin 1846, Shehu Umar ya sake gina ta, Rabe ya zo ya ƙone ta cikin 1893 ya koma Dikwa ya yi ganuwarsa, Faransawa suka kashe shi a Kusuri cikin 1900. Sai cikin 1907 Shehu Garbai ya zauna a Yerwa. Sau nawa ke nan aka kwashe babban birni aka canza masa wuri? A kowane tashi an yi hasarar littattafai, ba shakka. Amma hannu bai canza ba, har matafiyan Turawa na ƙarni na 19 suka ba da labarin ana ɗaukar Alƙur'anan Barno ana kai su Arewacin Afirka da Misira ana sayarwa da tsada, a rubuce a kan takardar nan mai alamar wata uku da fatake ke kawowa daga Italiya ta Tarabulus.

Amsar tana jikin allo. Almajiri yana rubuta darasinsa da tawadar gawayi da ƙaro, wadda aka yi ta musamman don ta wanku. Ya karanta, ya haddace, ya wanke, ya shanya, ya sake rubutawa. Kafin ya kai ga a ba shi takarda da tawadar da ba ta fita, ya rubuta ya wanke sau dubbai, har harafin ya bar allo ya koma cikin yatsunsa. Allon zayyana da ake ƙawatawa ranar sauka shi kaɗai ake ajiyewa, sauran duk na wankewa ne. Mayaƙi yana iya ƙone ɗakin littattafai, amma almajirin da ya tsere da ransa ya tsere da rubutun, in ya sami itace da gawayi a inda ya sauka, kashegari makaranta ta buɗe.

Daga baya na karanta labarin waɗansu mutane da suka bi ɗaya hanyar, ta dutse, wadda nake yi wa Barno gori da ita. Mutanen arewacin Turai, kafin boko ya je musu tare da addinin Kirista, suna da nasu haruffa da ake kira Run, masu miƙaƙƙun layuka don sauƙin sassaƙa. A ƙasar Siwidin kaɗai akwai duwatsu fiye da 2,000 masu wannan rubutu, a Danmak kuma akwai babban dutsen Jelling da Sarki Harald ya kafa wajen shekarar 965. Duwatsun suna nan. Amma mafi tsufan jerin haruffan, mai harafi 24, sai da aka manta yadda ake karanta shi sarai, har wani masani ɗan Nowe, Sophus Bugge, ya warware shi cikin 1865. Da gobara ta ci tsohuwar unguwar bakin teku a birnin Bergen cikin 1955, aka tona ƙasa, sai aka sami 'yan sanduna fiye da 600 masu rubutun Run, na ciniki, da na saƙo, da na soyayya. Ashe lokacin da rubutun yake da rai, a kan itacen da ake yarwa yake yawo, kamar allonmu. Yau jikokinsu daga littafi suke koyonsa, suna zana shi a jikin zobe da riga don sha'awa. Kusa da mu kuma ga Buzaye, waɗanda Tifinag ɗinsu yana jikin duwatsun Azbin tun zamanin da, amma abin da ya raya shi shi ne uwa tana zana wa ɗanta a rairayi da yatsa.

Mu koma Birni. Wajen la'asar iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas. Muna zaune muna kallo, rairayi ya fara gudu a kan rubutun kamar hayaƙi. Ɗigogi suka fara tafiya, sa'an nan siraran wutsiyoyi, sa'an nan jikin haruffa ya cike a hankali. Alu ne ya fi daɗewa. Kafin mu gama salla wurin ya koma sumul kamar ba a taɓa shi ba. Ni abin ya taɓa mini zuciya, shi kuwa ko waiwaya bai yi ba, ya karkaɗe rigarsa ya ce mu tafi kada dare ya yi mana. Mun so mu biya Gambaru, 'yan mil kaɗan a bakin kogi, inda ake cewa Magira A'isha, mahaifiyar Mai Idris, ta yi fadar tubali, amma mai ya yi mana ƙaranci, muka haƙura.

Abin da ya sami rubutun tsakanin wancan hunturu da wannan, ba yaƙi kaɗai ba ne, ko da yake yaƙin ya yi nasa. Tsangayoyin ƙauye da yawa sun watse, malamai sun taru a Maiduguri da sansanonin gudun hijira, Kukawa da Dikwa da Geidam duk sun sha hari. Amma tun kafin haka bugaggen Alƙur'ani ya yawaita, musamman bayan da aka buɗe maɗaba'ar Madina cikin 1984, makarantun Islamiyya kuma suka koma ruwayar Hafsi da rubutun Nasahi, suka bar Warshu da muka gada. Ba na kukan wannan, alheri ne Alƙur'ani ya shiga kowane gida da araha. Sai dai yaron da ya buɗe ido da bugu, yana rubutu da biro a littafi mai layi, ba shi da dalilin fere alƙalami. A Kano marubuta irin su Sharif Bala Gabari sun sami hanya, aka riƙa buga rubutun hannunsu ana sayarwa a kasuwa, wannan ya taimaka ido ya saba. Jami'ar Maiduguri tana da cibiyar nazarin hulɗar Sahara inda ake tattara tsofaffin takardu, ana kuma ɗaukar hotonsu a kwamfuta, aiki ne mai kyau wanda ambaliyar nan ta nuna wajibcinsa. Amma hoto ɗan'uwan dutse ne. Yana tsare siffa, ba ya koya wa kowa ta ina ake shiga harafi.

Don haka ni a ganina, in Allah ya kawo zaman lafiya sosai, hukumomin tarihi na Barno da Yobe su yi tunanin abin da Baba Goni ya yi da karan dawa. A ware rana guda a shekara cikin rani, a kai 'yan makaranta na allo da na boko Birni, ko Kukawa, ko ganuwar Rabe a Dikwa, a share fili, Gwanaye su rubuta babbaƙu manya a ƙasa, yara su kwaikwaya, a share, a sake. Ba a taɓa tubali ko ɗaya ba, ba a shafa wa kufai fenti ba, ba a kashe kuɗin kirki ba, da yamma iska ta mayar da wurin yadda yake. Kafin hanya ta yi kyau ma, ai rairayi bai ƙare a Yerwa ba.

Na faɗa wa Baba Goni wannan shawara a zaurensa, ya saurara har na gama, ya ce 'yan boko ba ku rabuwa da kafa kwamiti. Sa'an nan ya kira jikan nasa, ya ce, "Abokina, zo ka nuna wa baƙonmu." Ashe tun bayan ambaliya, da allunan gidan suka tafi da ruwa, yake zaunar da shi a tsakar gida, a kan lallausan yashin da kogi ya kawo ya zube musu har bakin ƙofar ɗaki. Yaron yana aji ɗaya a sakandare, ya yi hadda mai yawa a Islamiyya, amma sai a watannin nan ya fara riƙe kara. Ya durƙusa ya share wuri, ya rubuta layi guda. Tsoho ba ya gani sosai, sai ya sunkuya ya bi gurbin haruffan da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan fa, ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya ce ka sa mata ɗigo a ka?"

Yaro ya ce, "Kaka, haka take a Mus'hafinmu."

Ya ce, "Wancan nasu ne, yana da kyau. Wannan na gidanku ne. Share."

Na so in tsaya in ga na biyu, amma direba ya leƙo ya ce in muna son mu kai Damaturu yau, sai mu fita gari kafin sojoji su rufe hanya. Na yi sallama, Baba Goni ya sa aka ɗauko mini ɗaya daga cikin takardun nan da ruwa ya wanke wa wasulla, wadda ba aya a jikinta, wani guntun bayani ne na nahawu da mahaifinsa ya kwafa. Na sa ta cikin littafina, na fito, na bar yaro yana lallashe yashi da tafin hannu.